Zan koma busa kilarinet bayan shekara 19, wacce zan saya?

Maman Ladi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na yi shekara huɗu ina busa kilarinet, wato sarewar Turawa mai maɓallai, a badujalar makarantarmu ta sakandare, daga nan karatu da aure da renon yara suka ɗauke ni. Yau shekara 19 ban taɓa ta ba. Kwanakin baya na ji ana busa ta a wani biki, wallahi sai da na ji ƙwalla. Ina so in koma, amma kuɗina ba yawa. Na ga sababbi masu arha a intanet, har da masu launin ja da shuɗi. In saya, ko in haƙura in tara?

Tsohon Sajan: Wa'alaikumus salam 'yata. Barka da dawowa gida. Waɗannan masu launin ki rabu da su. Na taɓa saya wa jikana irin marar sunan nan, ba ta yi wata uku ba maɓallan suka fara lanƙwashewa, ƙarfen taushi gare shi kamar gwangwani. Mai gyara ya miƙe wannan, wancan ya karkace, ƙarshe ya ce in daina ɓata kuɗina. Yaron ya ɗauka shi ne bai iya ba, alhali iska ce ke zurarewa. Ki nemi Yamaha ta roba, ko da ta hannu ce: YCL-255, ko yayyenta 250 da 26. A fareti mun sha rana da ƙura da irinsu, ba su ba mu kunya ba.

Ɗan Zariya: Ina bayan Baba Sajan. A ƙara da Buffet B12 a lissafi, wadda kamfanin ya maye gurbinta da Prodige a 2016. Tsofaffin Vito da Bundy na Amurka ma suna da ƙarko idan an samu mai lafiya. Anti, ki tabbatar B flat ce, wato irin da aka saba busawa a badujala, kuma tsarin maɓallanta na Boehm ne, mai maɓalli 17 da zobe 6, don shi ne yatsunki suka sani. Kayan gwanjo da ke fitowa daga Jamus wani lokaci tsarin Oehler ne, ɗora yatsunsa daban.

Malam Bulus, Jos: Ni dai ra'ayina ya ɗan bambanta. Wadda ta yi shekara huɗu tana busa ba 'yar koyo ba ce, kunnenta ya riga ya san daɗi. Idan ta samu Buffet E11 ta katako ta hannu, muryarta ta fi kauri da zurfi, kuma ba za ta sake neman wata nan kusa ba. Baƙin katakon nan ma na Afirka ne, daga Tanzaniya da Mozambik ake sarar shi, da Swahili ana ce masa mpingo.

Tsohon Sajan: Malam Bulus, maganarka gaskiya ce a kan murya, amma ka tuna da hunturu. 'Yata, a wane gari kike?

Maman Ladi: Kaduna, Baba.

Tsohon Sajan: To kin ji. Katako yana shan danshin numfashi daga ciki, wajensa kuma iskar Disamba da Janairu na busar da shi. Ciki ya kumbura, waje ya tsuke, sai ya tsage. Da idona na ga ta wani abokin aikina ta buɗe a gaɓar sama, tsakanin ramukan nan biyu na can ƙoli, tsaga siririya kamar gashi. Da safe ne, ya ɗauko ta da sanyinta ya hau busa. Kuma masu ɗinke tsagar katako ba su da yawa a wajenmu. Roba ba ruwanta da wannan, ko wata guda kika yi ba ki buɗe akwatin ba.

Malam Bulus, Jos: Na yarda da wannan. Tawa sai na ɗumama ta a hammata kafin in busa, kuma ina ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso a akwatin idan iska ta bushe. Hidima ce, ba kowa ke da lokacinta ba.

Hajiya Malamar Kiɗa: Ƙanwata, abin da ba a faɗa ba tukuna shi ne, rabin muryar kilarinet daga bakin busawa take fitowa, da ɗan karan nan da ake ɗaurawa a kansa, wanda muke ce wa rid. Ta roba mai bakin kirki ta fi ta katako mai baki marar kyau. Yamaha 255 tana zuwa da baki 4C, ya ishe ki shekarar farko. In kin samu sarari daga baya ki gwada bakin Vandoren B45 ko 5RV. Rid kuma lambarsa taurinsa take nunawa, kar ki ce da lamba 3 kika saba a makaranta. Leɓɓanki sun huta shekara 19, ki fara da 2 ko 2.5, na Rico ko Vandoren. Ki sayi kwali guda, ki riƙa juya uku ko huɗu, don ko a kwali ɗaya ba duka ke yin daɗi ba. Minti 15 kullum ya wadatar a makonnin farko. Da kin ji iska na fita ta gefen baki, ki ajiye sai gobe. Yatsu kam za su tuna da wuri, za ki sha mamaki.

Maman Ladi: Na gode Hajiya. To idan ta hannu zan saya, me zan duba? Ina tsoron a sayar mini da matacciya.

Ɗan Zariya: Ki tafi da rid ɗinki da bakin busawarki in kina da shi. Ki cire gaɓar sama, ki rufe ramukan da yatsu, ki toshe ƙasan da tafin ɗaya hannun, ki zuƙi iska ta sama. In ta kama leɓenki, matasan maɓallan, wato abin nan mai taushi da ke toshe ramuka a ƙarƙashinsu, suna rufewa da kyau. In iska ta wuce salin alin, sai an sauya su. Ki yi wa gaɓar ƙasa haka. Ki duba kwak ɗin mahaɗai, wato abin da aka naɗa a bakin gaɓoɓi don su kama juna, kar su yi sako-sako, da ɗan maɓallin da ke haɗa gaɓoɓin biyu, shi ya fi saurin lanƙwashewa. Sannan ki busa sautin E ta can ƙasa a hankali, ki haye daga A zuwa B ta tsakiya. Nan ne mai yoyo ke tona kanta. Ki shinshina akwatin ma, warin rima alama ce ta daɗe a danshi.

Tsohon Sajan: Kuma kar ki zuba duk kuɗin a saye. Ki ware kaso na mai gyara, da man kwak, da ƙyallen goge ciki. In ba ki san mai gyara ba, tambayi 'yan badujalar 'yan sanda ko na soja, ko masu busa a coci, su suka san hannun da ake kai wa.

Maman Ladi: Allah ya saka da alheri. Na tsaya a kan Yamaha ko B12 ta hannu. Akwai wani a unguwarmu da ya ce yana da 250 da ɗansa ya daina amfani da ita, ranar Asabar zan je in yi mata gwajin zuƙar nan. Hajiya, rid lamba 2 zan riƙe ko 2.5?

Hajiya Malamar Kiɗa: Riƙe duka biyun. Ki jiƙa su a ruwa minti biyu kafin ki ɗaura, iskar Kaduna ta bushe yanzu.