Poka a talabijin, poka a kan tebur: ta yaya suke gane sabon shiga?

Ɗan Fagge (Manchesta):

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon waɗanda suka ga abin nan da idonsu su faɗa mana abin da suka gani, don yaranmu na nan Ingila sun kamu da kallon wasan poka, wato cacar kati, a YouTube kuma abin yana damuna. A 1999 tashar Channel 4 ta fara nuna Late Night Poker cikin dare. An sa gilashi a jikin teburin, kamara na ƙasa tana haska katin kowa. Kafin wannan, kallon poka ba shi da armashi, mutane ne zaune sun haɗe rai, ba ka san me kowa ya riƙe ba. Da aka buɗe wa ɗan kallo katin, sai ya zama ya fi duk wanda ke zaune a teburin sani, har ya fara ɗauka basirarsa ce. Wani yaro da muke aiki tare a sito ya ce mini shi yanzu yana karanta fuskar mutum. Ya ɗauki albashin sati ya tafi gidan caca ran Juma'a, ran Litinin yana neman rancen kuɗin bas. Ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne tun bai gyara zama ba mutanen teburin suka san baƙo ne. Me suke gani?

Baban Nana (Nima, Akara):

Wa alaikumus salam Yaya. Na yi aikin raba kati a wani gidan caca a nan Akara kafin Allah ya ba ni wata sana'ar, kuma amsar ita ce hannu. Babu mai ɓata lokaci a kan fuska. Wanda ya saba, idan na jefa masa katinsa biyu, zai rufe su da tafin hannunsa a kan teburin, ya ɗaga bakin kusurwar da ɗan yatsa, ya duba sau ɗaya, ya ɗora kwabon roba ɗaya, irin wanda ake zubawa a madadin kuɗi, a kai, shi ke nan. Sabon shiga kuwa ɗauke su yake yi gaba ɗaya ya kai ƙirji, har na gefensa ya gani ba tare da ya leƙa ba. Kuma ba ya riƙe abin da ya gani. Da zarar an buɗe kati uku masu alama iri ɗaya a tsakiya, sai ya sake leƙa nasa. Wannan leƙen ya gama faɗa wa kowa cewa bai haɗa biyar masu alama ɗaya ba tukuna, wanda haɗi ne mai ƙarfi, don wanda ya riƙe biyu iri ɗaya ba ya mantawa.

Sai kwabban roba. Gogagge yana jera su ashirin-ashirin, kowane launi a gefensa, ya yanko adadin da yake so da hannu ɗaya bai ko duba ba. Na baƙo a barbaje suke, yana ƙirga ɗaya bayan ɗaya leɓensa na motsi. Sannan ya watsa su cikin kuɗin tsakiya yadda ya gani a fim, dole in tsayar da wasa in ware nasa. Wani ya ce "na bi", wato zai zuba daidai abin da na gabansa ya zuba, ya ɗan dakata, ya ce "kuma na ƙara". A doka maganar farko ce ta ɗaure shi, ƙarin bai shiga ba. Wani ya jefa babban kwabo ɗaya bai ce komai ba, yana nufin ƙari, a ƙirga masa a matsayin bi kawai. Wani ya yar da kati tun layi bai zo kansa ba.

Amma abin da har yau yake tsaya mini a rai shi ne abin da ke biyo baya. Babu mai yi masa dariya. Nan take teburin yake sakin fuska, a tambaye shi garinsu, a yaba masa idan ya ci ƙaramin hannu, wato rabon kati guda. Sai ka ji wani ya ce mini idan kujerar hagunsa ta saki a ba shi. Dalili shi ne wasa yana zagawa ta hagu, wanda ke hagunka yana ganin abin da ka yi kafin shi ya yanke shawara. Shi baƙon yana ganin ya samu abokai.

Kawu Direba (Las Vegas):

Baban Nana, Allah ya saka. Ni tasi nake ja a garin nan, kuma duk bazara idan gasar duniya ta WSOP ta zo, su ne fasinjojina. Sunan da ya fi yawo a bakinsu shi ne Chris Moneymaker. Akanta ne daga jihar Tennessee, ya shiga ƙaramar gasa a intanet da dala 86, ya samu kujerar dala 10,000 a babbar gasar WSOP, ya zo a 2003 ya cinye gasar da dala miliyan 2.5. Tashar ESPN ta nuna hannun da ya yi wa abokin karawarsa Sam Farha burga, wato ya nuna kamar katinsa mai ƙarfi ne don ya tsorata shi: shi katin Sarki da na bakwai gare shi, bai haɗa komai ba, ya tura duka kuɗinsa. Farha, taba a bakinsa ba a kunna ba, yana riƙe da Sarauniya da tara, ya haɗa tara biyu da wadda ke tsakiya, shi ne a gaba. Ya daɗe yana nazari, ya yar da katin. A wannan shekarar mutum 839 suka shiga. A 2004 suka zama 2,576, a 2006 suka kai 8,773, a 2024 kuma 10,112.

Daga cikin motata nake gane sabo. Tun daga filin jirgi ya sa baƙin tabarau da riga mai hula, alhali zafin waje ya haura digiri 40. Ya yi ta ba ni labarin yadda yake cinye abokansa a gida, ya ambaci sunan shahararren ɗan wasan nan Phil Ivey kamar tare suka tashi. Waɗanda wannan ce sana'arsu kuwa da ƙyar suke magana, jaka ce a bayansu da ruwa da ɗan abinci, kamar masu zuwa ofis.

A babbar gasar, wajen kashi 15 cikin ɗari ne ake biya wani abu. Sauran sun bar dala dubu goma-goma a can. Ba a haska su a talabijin, ni nake mayar da su filin jirgi. Kusan dukansu labari ɗaya suke ba ni, cewa su ne a gaba sai katin ƙarshe ya juya musu baya.

Mai Haɗa Hoto (Kano):

Kawu, ni ban taɓa zama a teburin ba, amma aikina yanka bidiyo ne, don haka da idon sana'a nake kallon shirye-shiryen. A teburin gaske wajen hannu 30 ake rabawa a awa, kuma ana wuni ana yi. Mafi yawansu babu abin da ke faruwa, wani ya ƙara kuɗi, kowa ya yar, a sake rabo. Mai yanka hoto ba zai bar wannan ba. Zai tsamo hannayen da aka tura duka, da waɗanda burga ta ci, ya jera su bi da bi. Sharhin ma a irin waɗannan shirye-shiryen na ESPN daga baya ake ɗora shi, masu sharhin sun riga sun san yadda aka ƙare.

Akwai kuma wani abu. World Poker Tour, da aka fara nunawa a tashar Travel Channel a 2003, teburin ƙarshe kawai take nunawa, mutum shida. A wannan matakin kuɗin dole da ake zubawa kowane zagaye ya yi yawa, wanda ya zauna jiran kati mai kyau zai ƙare a zaune, don haka dole su shiga da kati marar ƙarfi. Yaro ya ga haka ya kwaikwaya a teburin mutum tara inda babu abin da ya matsa masa. As biyu, katin farko mafi ƙarfi, sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Wanda ya koya daga allo bai taɓa ganin wannan jiran ba, shi ya sa ba ya iya yinsa.

Baban Nana (Nima, Akara):

Ƙanena, ka taɓo babbar alamar. Ko mutum ya iya riƙe kati, ya iya jera kwabbai, zagaye biyu sun isa. Gogagge yana yar da kusan kati huɗu cikin biyar tun kafin a buɗe komai a tsakiya. Baƙo kowane hannu yana ciki, kuma ba ya ƙarawa, bi kawai yake yi "don ya ga abin da zai fito".

Ɗan Damagaram (Liyon, Faransa):

Ni ina da ɗan saɓani da masu cewa duk alama a bayyane take. A ɗakin kwanan ɗalibai mukan yi da tsinken ashana, ba kuɗi, kuma a nan na ga yadda ake karanta mutum a baibai. Wani ɗalibi ɗan Senegal, idan ya tura tsinkensa hannunsa na rawa, sai kowa ya ce tsoro ne, burga yake yi, a bi shi. Kullum sai ya buɗe babban hannu. Rawar ta murna ce da ya kasa dannewa. Idan burga yake yi kuwa ƙamewa yake, ko numfashi ba ya so a ji. Haka kuma wanda ya tsare ka da ido yana buga kwabbai da ƙarfi yawanci ba shi da komai, wanda ya kau da kai yana hamma shi ne abin tsoro.

Wata alamar kuma ita ce surutu. Sun ga gwanin poka Daniel Negreanu yana hira yana faɗa wa mutum katin da ya riƙe, sai su ma su buɗe baki. Shi ya yi shekaru yana lissafin yadda mutum ya zuba kuɗi tun farkon hannu, hirar ado ce a kai. Su kuwa da bakinsu suke tona kansu.

Kawu Direba (Las Vegas):

Gaskiya ne ɗana. Kuma akwai gogaggun da ke shigar baƙi da gangan, su zo da rigar 'yan yawon buɗe ido da kofi a hannu, su tambayi mai rabo doka kamar ba su sani ba. Wani fasinja ya faɗa mini da bakinsa cewa daren Juma'a da Asabar kawai yake fita aiki, lokacin da baƙi suka cika gari.

Malam Habu (Zariya):

'Yan uwa, ina karantawa, kuma na fahimci niyyar Malam Ɗan Fagge gargaɗi ce. Amma kada bayanin alamomin nan ya zama darasin yadda yaro zai ɓoye su ya koma. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya ta ce a nisance su, aya ta 91 ta faɗi dalili: gaba da ƙiyayya, da shagala daga ambaton Allah da salla. Wanda ya ci ma haramun ya ci. Abin da Baban Nana ya faɗa na neman kujerar hagun baƙo ya ishe ni hujja, don cin gogaggen ba daga ko'ina yake fitowa ba sai daga aljihun wannan bawan Allah.

Mai Haɗa Hoto (Kano):

Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ke ƙarfafa maganarka. A duba wa yake biyan kuɗin shirye-shiryen. Kamfanonin poka na intanet ne suka cika su da talla, tambarinsu a rigunan 'yan wasan. Ranar 15 ga Afrilun 2011 hukumomin Amurka suka rufe shafukan PokerStars da Full Tilt da Absolute Poker ga 'yan ƙasar, kuma a cikin shekarar tashar NBC ta daina nuna shirin Poker After Dark, wanda ta fara a 2007. Kuɗin tallar ya tsaya, shirin ya tsaya. Ko shirin High Stakes Poker, da aka fara a 2006, inda ake shiga da aƙalla dala 100,000 ana jibge ɗaurin kuɗi a kan tebur, ba gogaggu zalla ake zaunarwa ba. Ana kawo attajirai irin su Guy Laliberté na kamfanin wasannin nishaɗi na Cirque du Soleil, don idan gwani da gwani kawai suka haɗu babu mai samun na kirki.

Maman Ilham (Birmingham):

Salamu alaikum. Ni a gida na ga nawa. Ƙanena ne, yana zaune wurinmu yana karatu. Da farko kallo ne kawai bayan isha'i, har yakan kira maigidan ya zo ya ga wani hannu. Sai na lura ya fara magana da allon, yana cewa ai da shi ne da ya bi, da shi ne da ya yar. Sai ya sayo akwatin kwabban roba yana koyon juya su a yatsunsa a kan teburin cin abinci, don a cewarsa kada a gane shi sabo ne idan ya je. Ya iya juyawar sosai. Kuɗin makarantar zango guda ne suka tafi kafin mu sani, kuma ba a tebur kaɗai ba, har a waya cikin dare. Ranar da ya faɗa mini yana kuka, abin da yake ta maimaitawa shi ne ya kusa ganewa, saura kaɗan. Mun biya, mahaifiyarmu ba ta sani ba har yau. Ya ce ya daina, amma wayar tana hannunsa kuma ba na barci sosai. Waɗanda ke nan Ingila, akwai abin da za a iya yi ban da nasiha?

Ɗan Fagge (Manchesta):

Allah ya shirya mana shi, Hajiya. Akwai. Ku zauna tare ya yi rajista da GAMSTOP, kyauta ne, zai toshe shi daga duk shafukan caca masu lasisin Birtaniya. Ana zaɓar wata shida, shekara ɗaya ko shekara biyar, ku sa ya zaɓi biyar ɗin. Na gidajen caca kuma akwai tsarin da ake kira SENSE, shi ma da kansa zai nema. Yawancin bankunan nan suna da wurin da ake kunnawa a manhajarsu ya hana kati biyan kuɗin caca, a kunna shi a gabanki. GamCare, ƙungiyar da ke taimaka wa waɗanda caca ta kama, suna sauraron 'yan uwa ma, ba mai cacar kaɗai ba, don haka ke ma kina iya kiransu.

Baban Nana (Nima, Akara):

Hajiya, ki ƙara da wannan: a raba shi da kallon ma. Waɗanda na ga sun ɓace wata da watanni sannan sun dawo teburina, idan muka yi hira, yawanci wani hannu suka gani a bidiyo ya taso musu da abin. Kuma akwatin kwabban nan kada ya kwana a gidan.