Don Allah ina zan samu sandar banila mai sauƙin kuɗi?

Salamu alaikum 'yan uwa masu harkar kek, taimako nake nema. Ina nan Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, ina yin kek da donot na saidawa, to fulebon banila na kwalba da muke saye ya ishe ni, yawancinsa haɗin kemikal ne, da ka ɗan zuba da yawa sai ɗaci ya fito. So nake in haɗa nawa da ainihin sandar banilar, wannan baƙar doguwar mai ƙananan 'ya'ya a ciki.

Na zaga babbar kasuwa wajen masu kayan kek babu, wani ma kanumfari ya miƙo min wai ko shi nake nufi. A intanet kuma akwai amma da dala, ga kuɗin aikowa ya kusa fin na kayan. Tsadar dai na san dalilinta, yawanci daga Madagaska take zuwa kuma da hannu ake barbarar furen ɗaya bayan ɗaya, sannan a kwashe watanni ana shanya ta. Shi ya sa mai lamba B, wato mai daraja ta biyu, nake so, ta fi bushewa ta fi araha kuma ita ce daidai jiƙawa a fitar da fulebo. Ko ta Uganda ce ina so.

Sai kuma maganar abin jiƙawa, Turawa da giya suke yi, ni kam ba zan sa wa mutane wannan a kek ba, gilisarin na abinci, wannan ruwan mai kauri da zaƙi, zan yi amfani da shi. Wadda ta taɓa gwadawa, ƙamshin yana fita sosai kuwa? Wata nawa kika bar shi?

Masu zuwa sari Kano, ana samu a Singa ko Sabon Gari? In da masu so mu haɗa kuɗi mu yi oda ɗaya mu raba.