Bututun zafi a inbata: lissafin kwamfuta daban, awon zahiri daban

Ɗalibin_Lantarki: Assalamu alaikum injiniyoyi. Bututun zafi ne na jan ƙarfe mai ruwa a ciki (ruwan yana zama tururi a wurin zafi, ya kai zafin ɗaya bakin), kaurinsa milimita 6, tsawonsa 200, yana kwashe wat 30 na zafi daga MOSFET (transistan da ke kunnawa da kashe lantarki) na inbata zuwa hitsink (ƙarfe mai fuka-fukai da ke watsa zafi a iska) mai fanka. A manhajar lissafi an saka shi a matsayin sanda guda mai isar da zafi 28,000 W/mK (ma'aunin iya isar da zafi). A kwance, awo ya ɗara lissafi da digiri 8 ko 9. Idan kuma aka tsayar da akwatin, MOSFET a sama, sai zafin ya yi ta hawa har inbata ta kashe kanta. Ina matsalar take?

InjiniyaMakanikal: Wa alaikumus salam. Lambar taka tana da asali. Idan wurin ɗaukar zafi milimita 30 ne, wurin saukewa 50, tsakiya 120, tsawon da ake lissafi da shi shi ne 120 da rabin 80, wato 160. Wat 30 a kan bambancin digiri 6 zai ba ka wajen 28,000. Sandar jan ƙarfe zalla mai wannan kaurin, da 400 W/mK ɗinta, sai ta nemi bambancin digiri sama da 400 kafin ta yi aikin.

Amma ita lambar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, tana canzawa da tsawo da yawan wat. Tururin da ke gudu a tsakiya kusan ba ya cin digiri ko ɗaya. Asarar tana bakunan biyu ne, inda zafi ke ratsa bango da lagwanin ciki, wato shimfiɗar cikin bango mai tsotson ruwa. Don haka raba shi gida uku a lissafi: bango 400 W/mK, lagwani wajen 40, tsakiya lamba mai girma sosai. Sannan ka saka man da aka shafa tsakanin MOSFET da farantin da ke haɗa shi da bututun, da takardar da ke hana lantarki wucewa. Digiri 8 ɗinka yawancinsu nan suka maƙale.

MaiGyaranSola: Malam, kafin dogon lissafi a gwada bututun. Tsoma baki ɗaya a ruwan zafi, ɗaya bakin ya ƙona yatsa cikin daƙiƙu kaɗan. In ya yi jinkiri, ya sha iska, sai dai a jefar. Duba lanƙwasa ma, kada rabin faɗin zagayenta ya gaza ninki uku na kaurin bututun. Wanda aka murɗa da filaya, lagwaninsa ya riga ya tsage.

InjiniyaMakanikal: Batun tsayuwa kuwa, nan lissafin sanda guda ke mutuwa gaba ɗaya. Tururin da ya koma ruwa a wurin sanyi, lagwani ne ke tsotso shi ya mayar wurin zafi, kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Ƙarfin tsotson shi ne 2σ/r, inda σ shi ne ƙarfin jan fatar ruwa, r kuma rabin faɗin ƙofofin lagwanin. A digiri 60, σ na ruwa 0.066 N/m ne. Lagwanin garin jan ƙarfe da aka gasa, mai r na maikiron 50 (milimita 0.05), zai ba da matsi wajen faskal 2,600, abin da zai ɗaga ruwa santimita 27. Mai tsaga-tsaga a bango, r wajen milimita 0.2, da ƙyar ya kai santimita 7. Ka ga in irinsa ne a hannunka, hawan santimita 20 ya fi ƙarfinsa ko da ba kaya. Ko mai garin ma, hawan ya cinye kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, ragowar ce za ta tura ruwa ta ƙananan ƙofofi. Ruwa ya yanke, wurin zafi ya bushe, bututu ya zama fanko. Manhajar ba za ta nuna wannan ba, sai ka lissafa iyakar da kanka.

Juya tsarin, MOSFET a ƙasa, hitsink a sama, nauyi ya taya ruwan saukowa. In ba hali, bututu biyu masu gari, kowanne wat 15.

MaiGyaranSola: Ƙari kaɗan: kada a lissafa iskar ɗaki da digiri 25. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, saka 45, kuma a bar tazara a fuka-fukan hitsink saboda ƙurar hunturu.

Ɗalibin_Lantarki: Na gode ƙwarai, Injiniya. An yanka ɗaya an duba, mai tsaga-tsaga ne.