Me ya sa na'urar fitar da fim take buƙatar ɗigo 2,400 a kowane inci?

Ɗalibin Zane:

Assalamu alaikum. Ina koyon shirya shafuka a kwamfuta domin maɗaba'a, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na shirya hoto mai ɗigo 300 a kowane inci, amma aka ce mini na'urar da za ta fitar da shi a kan fim, wato ledar nan mai shara-shara da ake shirya farantin bugu da ita, tana aiki da ɗigo 2,400 ko 2,540. Idan hotona 300 ne kawai, mene ne amfanin sauran? Na kuma gwada fitar da shafin a kan takarda mai shara-shara da firinta ta leza mai ɗigo 600, rubutun ya fito sarai, amma fuskar da ke cikin hoton ta fito kamar an yayyafa mata yashi. Ina roƙon malamai su warware mini.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ɗigo iri biyu ne kake kira da suna ɗaya. Ɗigon da ke cikin hotonka yana iya ɗaukar kowane mataki daga fari zuwa baƙi, har mataki 256, amma ɗigon da leza take yi a kan fim ɗin maɗaba'a abu biyu kawai ya sani: ko baƙi ƙirin, ko babu komai. Injin bugu ma haka yake, ko ya sa tawada ko kada ya sa. Don haka idan ana son launin toka, sai a yaudari ido da ɗigo manya da ƙanana a jere.

Ga inda lissafin yake. Ana gina kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɗigo da ƙananan ɗigon leza a cikin ɗan murabba'i mai 16 a tsaye, 16 a kwance, wato gurbi 256. Mujalla mai kyau tana son layin ɗigo 150 a inci, kuma 150 sau 16 shi ne 2,400. Lambar 2,540 da ka ji, wadda aka san na'urar fitar da fim mai suna Linotronic 300 da ita tun shekarun 1980, ɗigo 100 ne daidai a kowace milimita. Firintarka mai 600 kuwa, idan ka nemi layi 150, gurbi 4 sau 4 za ta samu, mataki 17 ke nan idan an haɗa da fari, kuma mataki 17 ba zai iya fitar da laushin kumatu da inuwar ƙasan ido ba.

Akwai kuma matsalar da ba ta lissafi ba. Ɗaga takardar taka ka duba ta a hasken taga, za ka ga baƙin yana da ƙananan huji kamar an tsattsaga shi da allura, alhali baƙin fim ɗin gaske ba ya barin haske ya ratsa. Sannan zafin firinta yana sa takarda ta ɗan motsa, saboda haka idan aiki mai launi huɗu ne, fim huɗun, ɗaya ga kowane launi, ba za su hau kan juna daidai ba. Na taɓa ganin bugun da aka yi haka, kowane harafi da jan gefe kamar ya yi inuwa, kuma dole aka sake aikin daga farko.

Mai Sha'awar Hoto:

Bayanin Baba ya gamsar, sai dai ina son in ƙara da cewa ba kowace na'urar fitar da fim ce take aiki haka ba. Wadda ake amfani da ita wajen mayar da zanen kwamfuta fim ɗin majigi ba ta buƙatar wannan dabara ko kaɗan, domin da ƙarfin haske take aiki. A cikin tsofaffinsu akwai ɗan allon talabijin mai farin haske da kyamara a gabansa, ana zana hoton layi bayan layi har sau uku, ta bayan gilashi ja, sannan kore, sannan shuɗi, duk a kan gurbin fim ɗaya. Kowane ɗigo yana samun hasken da ya dace da shi, shi ya sa ɗigo 4,096 a gurbin fim mai faɗin milimita 36 suke ba da hoto mai santsi.

Wannan hanya ta daɗe. Da na'urar SC-4020 ta kamfanin Stromberg-Carlson ne wani mai bincike, Edward Zajac, ya fitar da hoto mai motsi na tauraron ɗan'adam a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka a 1963. Daga baya leza ta maye gurbin allon, kamar a Arrilaser ta kamfanin ARRI na Jamus, wadda take da leza uku, ɗaya ga kowane launi.

Ɗalibin Zane:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Ke nan, Baba, firinta ta leza ba ta da amfani sam a wannan aiki?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a:

Tana da amfani, matuƙar aikin rubutu ne zalla mai launi ɗaya, domin harafi ba ya buƙatar launin toka. Ka fitar da shafin a juye, yadda ake ganin rubutu a madubi, domin hodar tawadar ta kwanta kai tsaye a jikin farantin bugu, in ba haka ba haske zai shiga ta kaurin takardar ya cinye bakin haruffa. Idan kuma dole sai da hoto, ka rage layin zuwa 85 kamar na jarida, za ka samu gurbi 7 sau 7, wato mataki 50, kuma fuska za ta fito a gane ta ko da ɗigon zai nuna. Aikin launi huɗu dai ka kai shi inda ake da na'urar fim, ko inda leza take rubutu kai tsaye a kan faranti, kuma kafin ka tura musu shafin ka tambaye su layi nawa suke bugawa.