Tsatsa ta ƙi barin bodin Canter ɗina, ina neman shawara

Assalamu alaikum, masu gyaran bodi da masu fenti. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Ina da Mitsubishi Canter da nake dakon takin zamani da ita, galibi yuriya. Da damina, in buhu ya fashe, takin sai ya narke ya kwanta a daben bodin. Yanzu tsatsa ta ci daben da gefen ƙofar baya. Ba ta huda ƙarfen ba, in an ƙwanƙwasa lafiyarsa lau.

Na goge da burushin ƙarfe, na bi da samfefa mai lamba 80 har ƙarfen ya yi fari, na shafa jan fenti na ƙasa. Ba a jima ba fentin ya fara kumbura, in na ɓanɓare da farce sai in tarar da tsatsa a ƙarƙashi. Na lura akwai ƙananan ramuka baƙaƙe da samfefa ba ta kaiwa cikinsu, a nan tsatsar take ɓuya.

Wani ya ce in zuba ruwan batir, ni kam ban yarda ba, zai ci ƙarfen. Wani ya ce baƙin mai, to ai fenti ba ya kama mai.

Maganin nan mai asid ɗin fosforik da ke mayar da tsatsa baƙa, yana shiga ramukan? Ana wankewa kafin fenti ko a bar shi ya bushe? Sannan in jira rani, ko ƙurar hunturu za ta ɓata aikin?