15 ga Janairu ko 23 ga Ramadan: wace rana ce ta tunawa da Sardauna?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Kamar yadda na saba, ga abubuwan da suka faru a rana irin ta yau, 15 ga Janairu. A 1966 wasu hafsoshin soja suka yi juyin mulki na farko a Najeriya, inda aka kashe Firimiyan Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a gidansa da ke Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, aka kashe Firimiyan Yamma Samuel Akintola a Ibadan, aka kuma ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Legas, ba a ga gawarsa ba sai bayan kwanaki. A 1970 Philip Effiong ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan, yaƙin basasa ya ƙare bayan wata 30. A rana irin ta yau aka haifi shugaban Masar Jamal Abdunnasir a 1918, da Martin Luther King na Amurka a 1929, da ɗan ƙwallon Senegal El Hadji Diouf a 1981. A 1967 kuma aka buga wasan Super Bowl na farko a Amurka, wato wasan ƙarshe na ƙwallonsu mai kama da zari-ruga, inda Green Bay ta ci Kansas City 35 da 10.

Na'ibi: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan hidima, amma ina da magana biyu. Ta farko ƙarama ce: bai yi mini daɗi ba da na ga an jera kisan Sardauna da haihuwar ɗan ƙwallo a zance guda, kamar an baza su a faifai ɗaya a kasuwar Gujungu. Ta biyu ita ce babba, kuma a kanta nake son a yi muhawara. Ni a wurina yau ba ita ce ranar tunawa da Sardauna ba. An kashe shi ne a daren Juma'a wayewar Asabar, cikin goman ƙarshe na Ramadan, shekara ta 1385 bayan Hijira, wanda lissafi ya nuna 23 ga wata ne, kuma kwanaki kaɗan da dawowarsa daga Umara. Mutumin da ya fito daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya cika yana cikin azumi, da watan Musulunci ya kamata a riƙe ranar rasuwarsa. Duk wanda ya ce yau ce, lissafin da Turawa suka bar mana yake bi, ko ya sani ko bai sani ba.

Kyaftin: Allah gafarta Malam, game da maganar farko, ina roƙon a yi wa Diouf adalci, domin ba shi ya zaɓi ranar haihuwarsa ba. Shi ne gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2001 da 2002, kuma shi ya kai ƙwallon da Papa Bouba Diop ya zura wa Faransa a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002, alhali Faransa ce ke riƙe da kofin. Mu matasa da yawa sunansa ne ya sa muka tsaya muka karanta rubutun Malam har muka ci karo da labarin Sardauna. Na Super Bowl dai ko an cire ba mu yi asara ba, tunda duk ƙasar Ringim ba na jin akwai mai bugawa.

Tsohon Hedimasta: Ɗana Kyaftin, mu ajiye zancen ƙwallo a gefe, mu fuskanci abin da Malam Na'ibi ya ɗora a tabarma, domin maganarsa tana da nauyi, kuma ni shaida ne a kan rabinta. Ina ɗan shekara goma ko kusa da haka lokacin da abin ya faru, ina cikin yaran da ake koya wa azumi, a yi yau a sha gobe. Ranar hazo ya rufe gari har ba a hango kukar bakin kasuwa, leɓuna duk sun tsage saboda sanyi. Bayan la'asar wani mai awon gyaɗa ya dawo daga tashar jirgin ƙasa ta Ringim a kan keke, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan dagaci, kuma kafin magariba babu zauren da labarin bai shiga ba. Abin da ba na mantawa shi ne kwanon kunun tsamiya da aka ajiye a gaban mahaifina lokacin buɗa-baki: ya kurɓi ruwa, ya tashi ya yi salla, kunun nan ya huce har ya yi fata a sama bai taɓa shi ba. Akwai kawuna ɗan jam'iyyar adawa ta NEPU, wanda bai taɓa faɗin alherin jam'iyyar NPC ta su Sardauna ba ko sau ɗaya, amma daren nan na gan shi yana share ido da hannun riga. Har mahaifiyata ta koma ga Allah, in za ta ba da labarin cewa take yi an kashe Sardauna cikin azumi, ana saura mako guda Salla, kuma ban taɓa jin kalmar Janairu a bakinta ba. To, nan Malam Na'ibi ya yi gaskiya. Inda na rabu da shi shi ne cewa sanyin nan da hazon nan su ma suna cikin labarin, kuma watan Musulunci ba ya riƙe su. Duk shekara idan hunturu ya kama na ji iskar asuba ta buge ni, ranar ce take faɗo mini, ko da kuwa azumin shekarar yana can cikin zafin bazara.

Ɗan Tsohon Soja: Baba Hedimasta ya buɗe mini ƙofa. Allah gafarta Malam, mahaifina yana cikin samarin da aka ɗiba daga wannan yanki aka kai fagen daga, ya dawo da tabon harsashi a cinya, kuma har ƙarshen rayuwarsa duk 15 ga Janairu sai ya sa a wanke masa tsohuwar hularsa ta soja. Ranar tunawa da mazan jiya a ƙasar nan, a da, 11 ga Nuwamba ake yinta, kamar sauran ƙasashen renon Ingila, daga baya aka mayar da ita 15 ga Janairu saboda ƙarewar yaƙin basasa. Idan muka bi lissafinka, ranar da Effiong ya miƙa wuya ta faɗo ne a farkon Zulƙi'ida na 1389, ita kuwa ranar juyin mulki tana Ramadan, wato sun rabu da fiye da wata guda. A kalandar miladiyya kaɗai ake ganin cewa rikicin da ya soma da zubar da jini a 15 ga Janairun 1966 ya rufe a 15 ga Janairun 1970, shekara huɗu cif. Kuma ba Sardauna kaɗai aka kashe a daren ba. An kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, da Laftanar Kanar Abogo Largema, amma an kuma kashe Birgediya Samuel Ademulegun, da Laftanar Kanar James Pam, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, waɗanda ba Musulmi ba ne. Iyalansu da wane wata za su tuna?

Na'ibi: Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ban hana gwamnati ranarta ba, ban kuma hana iyalan kowa tasu ba. Maganata a kanmu take, mu da muke zaune a garin nan muke azumi da Salla da zakka da Hajji da takaba duk da ganin wata. Tun zamanin Sayyidina Umar aka kafa mana lissafin shekara daga Hijira, kuma gwamnatocin Jigawa da Kano da kansu suna ba da hutu ranar 1 ga Muharram. Amma ka tsayar da yaro ɗan sakandare a bakin masallaci ka tambaye shi yau nawa ga wata, sai ya laluba aljihu ya ciro waya. Abin da nake tsoro ke nan: nan da shekara 20 za a sami wanda ya haddace 15 ga Janairu, 1966, ya ci jarrabawa da ita, alhali bai san cewa cikin goman ƙarshe na azumi aka yi wannan ta'asa ba. Wanda bai san haka ba kuwa bai san abin da ya ƙona zukatan iyayenmu ba.

Malamin Tarihi: Allah gafarta Malam, na karɓi wannan gyara, domin ni kaina shekara da shekaru ina koyar da darasin ban taɓa ambaton azumi a cikinsa ba, kuma littattafan da muke koyarwa da su ba su cika tsayawa a kansa ba. Sai dai ina ganin kuskure ne a ce lissafin rana na Turawa ne kawai. Manomin garin nan bai taɓa shuka gero da ganin wata ba, da faɗuwar damina yake shuka, kuma masu noman rani a fadama da shigowar sanyi suke zuba alkama. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake kewaya damina da kaka da hunturu da bazara, sai bayan kusan shekara 33 ya dawo inda ya tashi. A 1998 da 1999, 15 ga Janairu ta faɗo cikin Ramadan, kuma bisa lissafi haka za ta sake yi a 2030 da 2031. Sannan ranakun tunawa mutane ne ke ɗaura su inda suka ga ya dace. Misirawa, waɗanda ba mu fi su riƙo da watan Musulunci ba, sun buɗe babbar madatsar ruwa ta Aswan a 15 ga Janairu, 1971, daidai da ranar haihuwar Abdunnasir, watanni kaɗan bayan rasuwarsa. Amurkawa kuwa ba su ma tsaya a kan 15 ga wata wajen hutun tunawa da King ba, Litinin ta uku a Janairu suka ɗauka.

Malamar Asibiti: Iyayena, ku ba ni dama in sa baki daga inda nake zaune, domin ni kullum da kwanan wata nake fama. Idan tsohuwa ta zo karɓar kati na tambaye ta shekarunta, ba ta ce mini Janairu, ba ta kuma ce mini Rajab. Cewa take yi an yi mata aure shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, sai in rubuta 1972, ko ta ce ta haifi ɗan farinta shekarar da aka canja fam zuwa naira, sai in rubuta 1973. Wata ta taɓa ce mini an yaye ta shekarar da aka kashe Sardauna, kuma da wannan na fitar mata da shekarunta. Ku duba katin zaɓen dattawanmu ku ga yawan waɗanda aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, saboda mai cike takarda dole ya sa wani abu a gurbin. Saboda haka da Malam Na'ibi ya ce iyayenmu da watan Musulunci suka riƙe ranar, ni ina ganin watan suka riƙe, ba kwanan ba. Baba Hedimasta da kansa ya ce mahaifiyarsa cewa take yi cikin azumi, saura mako guda Salla. Lambar nan ta 23 daga ina ta fito? Ina kyautata zaton daga 15 ga Janairu aka juyo ta da lissafi, wato ranar da ake so a ture ita ce ta haifi wadda ake so a kafa.

Tsohon Hedimasta: 'Yata, kin taɓo inda yake ciwo. Malam Na'ibi, a wancan zamani ba kowane gari ne yake ɗaukar azumi rana ɗaya da maƙwabcinsa ba, domin labarin ganin wata kan iso wani ƙauyen sai hantsi ya dubi ludayi, mutane sun riga sun karya kumallo. Mai yiwuwa ne ranar ta kasance 22 a wani wuri, 23 ko 24 a wani. Idan za mu tara yara mu ce musu ga ranar gaskiya, sai mu tabbata wacce ce a garin nan.

Na'ibi: Baba, na yarda cewa 23 daga lissafi na samo ta, kuma Malama ta kama ni a nan, ba zan yi musu ba. Amma ban janye daga asalin maganata ba, domin bambancin kwana ɗaya bai fitar da ita daga goman ƙarshe ba, kuma wannan shi ne abin da nake so ya zauna a kan yaranmu. Abin da nake nema a wurin Malamin Tarihi shi ne daga yau duk abin da ya shafi mutanenmu ya riƙa rubuta shi da kwanan wata biyu, na Hijira a gaba. Game da tabbatar da ranar kuwa, akwai hanya. Marigayi limamin garin nan na wancan lokaci yana da al'adar rubuta haihuwa da rasuwa da ranar ganin wata da ajami a bangon littattafansa, kuma littattafan suna nan a gafaka a hannun Liman na yanzu. Ban sani ba ko gara ta bar shafin 1385, amma gobe bayan azahar zan je in nemi izini mu buɗe.

Malamin Tarihi: Na amince da rubuta biyun, Allah gafarta Malam, sai dai wanda zai zo a gaba mu bar shi sai mun ga abin da ke cikin gafakar. Idan Liman ya yarda, zan biyo ka da waya in ɗauki hoton shafin, kuma ina roƙon Baba Hedimasta ya zo tare da mu, domin ya fi mu sanin hannun marigayin.