Neman shawara: yaya kalar fensir za ta zauna a yadi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za a kai ɗaki bayan sallah, ina so in yi mata rigunan filo masu furanni, in cike zanen da fensirin kala maimakon surfani. Na gwada a ƙyalle, na bi da ruwa, ja ya yi naso ya haye kan kore. Da na wanke kuma, rabin kalar ta bi ruwa. An ce akwai wani midiyam na yadi da ake shafawa. Don Allah wadda ta sani ta taimaka.

Mai surfani, Zariya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ruwan ne ya ja miki. Fensirin da ake jiƙawa, duk sanda ya ji ruwa sai ya sake narkewa. Shi midiyam danƙo ne irin na fentin akirilik, fari kamar madara, in ya bushe ya koma garau, shi ke ɗaure kala a jikin zare. Ki nemi farin yadi na auduga mai saƙa a matse, ki wanke shi tukuna, don sitacin kamfani yana hana kala kamawa. Ki goge, ki shimfiɗa a kan samfefa mai laushi, ba zai riƙa zamewa ba. Ki yi kalarki a bushe. Sannan ki ɗan dangwalo midiyam da ƙaramin buroshi, ki fara daga tsakiyar fure, ki tsaya kafin ki kai bakin layi, da kansa zai ƙarasa. Kada ki taɓa ganye sai furen da ke gefensa ya bushe, kuma kowace kala a wanke mata buroshi.

Malamar zane, Kaduna: Gaskiyar Anti ce. In da hali ki samo fensirin Inktense na kamfanin Derwent na Ingila. Tawada ce a cikinsa, in ta jiƙa ta bushe ta zauna. Sai dai duk inda buroshi bai taɓa ba, ranar wanki zai zuba. Ki sassauta hannu kuma, abin da kike gani dishi-dishi a bushe, yana jiƙa zai fito rau. Wasu na jiƙa shi da man alobera marar kala saboda kaurinsa na hana naso, amma alobera ba ta ɗaure kalar fensirin yara.

Tela, Fagge: Hajiya, saura guga. Ki bar shi awa 24, ki ɗora wani ƙyalle a kai, ki goge minti 3 zuwa 5 kina motsa dutsen. Ban da tururi, ban da yayyafa ruwa. Ki duba jikin kwalbar midiyam ɗin: GAC 900 na kamfanin Golden sai da guga, kuma a buɗe taga lokacin, na Liquitex an ce ko babu guga ya yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Amma Anti, ba zai yi tauri ya dami fuska ba?

Mai surfani, Zariya: In kika lafta zai yi. Shafa ɗaya siririya ta isa. Ni dai da filolin falo zan yi wa, ba na kwanciya ba, waɗanda ke shan man kai da wanki duk mako. In kin nace, ki kai furannin gefe. Ki gaya wa amarya: a wanke da ruwan sanyi, a juya rigar baibai, ban da bilic, a shanya a inuwa.